Ranar Da Ningning Ta Shiga Falo Da Baya

Ƙasar kabarin mijina ba ta gama bushewa ba tsohuwar nan ta aiko a kira mu.

Shekara huɗu 'yata Ningning da Edison Tiu suna son juna, shekara huɗu kakarsa tana cewa a'a. Ba ta taɓa zama da yarinyar ba, ba ta taɓa jin muryarta ba. Laifin Ningning ɗaya ne, ni na haife ta. Ubanta Basine ne, Ong Kian Seng mai taliya a bayan titin Ongpin, amma uwarta ni ce, Consolacion da ake kira Soleng, 'yar Bulacan, wadda ta zo Manila wanke tukwane a shagonsa har ya ɗauke ta zuwa coci ya aura. A wurin danginsa ni huana ce, wato 'yar ƙasa, kuma in suna faɗin kalmar sai ka ce sun taka wani abu a hanya.

Muka hau benen da ke saman shagonsu na ƙusa da ƙarafa. A-ma, haka kowa ke kiran tsohuwar, tana zaune da ƙafafunta a kan ƙaramar kujera. Ta yi magana da yarensu, Edison yana fassara mini. Matar da na sha ji da kunnena tana zagin mai kifi a kasuwar Divisoria da yarenmu na Tagalog tiryan-tiryan, yau wai ba ta ji.

"A-ma ta ce ta yarda," in ji Edison.

Ningning ta matse hannuna har na ji zafi.

"Sai dai ta ce tunda mahaifinta ya rasu, a al'adarmu dole a yi auren kafin a cika kwana ɗari. In ya wuce, sai bayan shekara uku."

Shekara uku! Alhali kowa ya san sun sa shagon a kasuwa. Tunda aka fara sace 'ya'yan masu shago a unguwar, gidan Tiu suka nemi takardun ƙaura zuwa Vancouver, can ƙasar Turawa, kafin shekara ta ƙare za su tashi gaba ɗaya.

Na ɗaga kai na dubi tsohuwar, ita ma ni take kallo, da ɗan murmushi a gefen baki. Nan take na gane. Ta san a wurinmu ba a ɗaura aure a shekarar da aka yi mutuwa a gida. Sukob muke ce masa, yaro ma ya sani. Ta san babu uwa 'yar Bulacan da za ta yarda. Ta samo hanyar da za ta ƙi ba tare da ta ce ta ƙi ba, ta ɗora mini kayan a ka.

Na sha shayinsu na sauko.

* * *

Muna shiga gida Ningning ta durƙusa a gabana.

"Nanay, ki ce wani abu."

"Me zan ce? Ba ki san Tiya Ilumin ba? Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure a shekarar da babanmu ya rasu, kowa ya hana ta ƙi ji. Kafin a yanke shinkafa kogi ya cinye mijinta. Ni na wanke gawar, ba labari aka ba ni ba."

"Nanay, kogin ya cinye mutum shida a ranar. Duk sukob suka yi?"

"Kar ki yi mini maganar 'yan makaranta!"

Ta fashe da kuka, ta kifa kai a cinyata.

Ƙanwata Belen tana gefe tana ɓare cakulan daga kwalin da Rodel ya aiko. Rodel ɗan maƙwabciyarta ne, yana aiki a jirgin ruwan sojan Amurka, duk zuwan da ya yi sai ya sauke mana kwali, sabulu da naman gwangwani da tawul, yana magana ta hanci kamar mura ta kama shi.

Belen ta ja tsaki. "Ke dai kin cika wahalar da kanki. Ga yaro namu, jininmu, gida a San Diego can Amurka har da injin wanki. Shi zai jira ki shekara goma ma. Amma kin nace sai waɗanda ke wanke kofi sau biyu in uwarki ta sha ruwa."

Ningning ta ɗago, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Tiya, kin san abin da Rodel ya ce mini? Ya ce in mun je can in rina gashina, in bar sunan Ong, zai ce wa abokansa ni jinin Sifaniyawa ce. Wai sun fi daraja."

"To miye a ciki? Ai wasa yake."

"A makaranta yara suna ja mini ido suna ce mini Intsik, wai 'yar Sinawa. A gidan dangin Papa ana ce mini huana, a ba ni abinci a kicin. Yanzu kuma in zama Basifaniya? Sau nawa za a sake mini fata kafin wani ya aure ni yadda nake?"

Belen ta tura cakulan a baki.

Washegari da hantsi Edison ya zo, bai ko buɗe shago ba. Yaron yana da ladabi, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ɗauki hannuna ya kai goshinsa kamar ɗan ƙasa, abin da ko mijina bai taɓa yi wa uwata ba.

"Aling Soleng, duk wannan camfi ne, da namu da naku. Ki ba ni ita mu je gaban alƙali, babu A-ma babu coci. In mun isa Vancouver ba mai tambayar wane ne uban wani. Can mutane sun waye."

"Sun waye," na ce. "Shi ya sa hoton matar yayanka yake rataye a falonku cikin firam mai ruwan zinare?"

Ya sunkuyar da kai.

"Baturiya ce, ko? Ba ta san yadda ake riƙe tsinken cin abinci ba, tana kiran kakarku da sunanta gatsau, 'ya'yanta ba su san kalma ɗaya ta yarenku ba. Amma A-ma tana nuna wa baƙi hotonsu tana cewa ku dubi hanci, ku dubi fari. 'Yata kuwa da ke jin yarenku, da ta san ranar da ake kai wa kakanni abinci a kabari, ita ce za ta ɓata muku jini. Ka faɗa mini, ɗana, jinin ne ko launin?"

Ningning ce ta yi magana, a hankali.

"Edison, ba zan bi ka ta ƙofar baya ba. Haka Papa ya auri Nanay, babu ko mutum ɗaya daga danginsa, ya mutu yana jiran su huce. Ina son in shiga gidanku ta ƙofar gaba, a kira ni da sunana. In na gudu can ma tambayata za a yi daga ina nake, kuma can ɗin ko kabarin Papa babu da zan nuna."

"Giok," ya ce, sunan da ubanta kaɗai yake kiran ta da shi, "in na tafi ba ke, mutuwa zan yi a can."

"To ni nan rayuwa zan yi?"

Suka zauna suna kuka kamar yara, ni kuma na shige ciki na rufe ƙofa don kar su ga nawa.

* * *

Ran Lahadi na tafi maƙabartar Sinawa ni kaɗai. Na kunna masa turaren tsinke yadda yake so, na kunna kyandir yadda nake so, sannan na zazzage masa.

"Kian Seng, kai ma ba ka kyauta ba. Duk tsawon shekarun nan ba ka tashi mutuwa ba sai yanzu? Ka bar ni tsakanin tsoron uwata da dokar mutanenka. In na ce a'a, na kashe yarinyar nan da hannuna. In na ce e, kullum ta yi tari sai gabana ya faɗi."

Na share wa dutsen kabarin ƙura da gefen zanena.

"To ji nan. Na yarda. In akwai abin da zai faɗo, ka tsaya a can ka karkato shi kaina. Ai kai ka ja."

Na sauko na wuce shagon Tiu kai tsaye, na ce a gaya wa A-ma a sa ranar baiko. Yaron shagon da ya hau da saƙon ya daɗe bai sauko ba.

Ban yi barcin kirki ba tun daga ranar, amma Ningning ta soma cin abinci, har na ji ta tana waƙa a wurin wanki. Na ce ya ishe ni.

Sai ga A-ko Bee Lian, yayar mijina, a ƙofar gidana. Tun da aka haifi Ningning matar nan ba ta taɓa taka gidan ba. Ta ƙi zama, ta riƙe jakarta a ƙirji kamar za a fizge.

"Gidan Tiu sun zo wurina," ta ce. "Ba za a yi baiko a gidan da aka fitar da gawa ba. A gidana za a yi."

"To."

"Ni da mijina za mu zauna a kujerar iyaye, mu za a miƙa wa shayi."

"Ni fa?"

"Ke mai takaba ce. Ba a son idon mai takaba a wurin. Kuma dangin Tiu da yawa ba su san... ba sai an tsaya bayani ba. In kina so ki zo ki kama musu aiki a kicin, ai kin iya taliya."

Da a da ne, da na watsa mata ruwan wanke-wanke. Amma ta taga ina hango Ningning tana shanya, tana murmushi ita kaɗai.

"Kar ki gaya mata," na ce. "Ni zan san abin da zan ce."

Na ce wa Ningning al'adarsu ce uwa ta shigo daga baya, bayan an gama shan shayi. Ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba.

* * *

Ranar baiko na shiga gidan A-ko ta ƙofar masu aiki. Na dafa ƙwai, na tafasa siririyar taliyar da ake ci don tsawon rai, ba a yanka ta ko kaɗan. Ta ƙofar kicin ina jin shigowarsu, ana ɗaga kwanduna masu jan ƙyalle, ana dariya. Edison ne ya goyo A-ma a bayansa ya hau da ita bene, don ƙafafunta sun daina hawa, kuma ba ta yarda kowa ya ɗauke ta sai shi.

A al'adarsu yarinya ba ta shigowa falo tana kallon mijin da za ta aura. Da baya take shigowa, wata mace mai sa'a, mai miji da 'ya'ya a raye, tana riƙe da kafaɗunta, sai an kai ta tsakiya a juya ta sau uku, sannan ta dube shi.

Ɗakin da aka shirya ta yana kusa da kicin. Wannan ne abin da ba wanda ya lissafa.

Na ce bari in leƙa kaɗan, rabin ido kawai, in ga 'yata cikin jar riga. Na tura ƙofar kamar faɗin tafin hannu.

Ta fito, bayanta ga falo, fuskarta ga kicin. Duk mutanen gidan bayanta suke gani. Ni kaɗai nake ganin fuskarta, ita kuma ni kaɗai take gani, da tsumma a kafaɗa, da ludayi a hannu, gumi yana bin wuyana.

Ta yi taku biyu da baya. Ta tsaya.

Na girgiza mata kai. Na yi mata alama da ludayin, tafi, tafi. Matar da ke riƙe da ita ta ja kafaɗarta tana raɗa mata wani abu.

Ningning ta ɗan waiga, ta hango kujerar iyaye, ta ga waɗanda ke kai. Ta dawo da idonta kaina.

"Nanay, me kike yi a kicin?"

Da ƙarfi ta faɗa, da Tagalog.

"Ki tafi, 'yata," na ce. "Don Allah ki tafi. Ba komai. Ni na zaɓa."

Ta zame kafaɗarta daga hannun matar. Ta tako gaba, ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta karɓi ludayin ta ajiye, ta cire mini tsumman. Ta riƙe hannuna ta ja ni har tsakiyar falo, cikin baƙar rigata mai warin albasa.

Ta yi magana da yarensu, wannan kam na ji shi, shekaruna a shagon taliya ba a banza suka tafi ba.

"Wannan ce mahaifiyata. Sunanta Consolacion Ong. Ita zan fara miƙa wa shayi."

A-ko ta rufe fuska da hannu. Wata tsohuwa a cikin baƙin ta tambayi ta kusa da ita, ashe ba 'yar aiki ba ce?

A-ma ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya. Ta ce a rufe kwanduna.

A nan ne abin da na haɗiye tun ranar aurena ya ɓalle.

"Tsaya, tsohuwa! Kin ce kwana ɗari, na taka tsoron uwata da na kakata na ba ki. Kin ce ba a gidana ba, na ba ki. Kin ce in ɓuya kamar ɓera, na ɓuya. Me ya rage? Ki daina laɓewa a bayan al'ada, ki buɗe baki ki faɗa a gaban mutanenki. Kuma da Tagalog, na san kina ji!"

Ta dube ni, sannan ta amsa, da Tagalog mai kyau, ba gargada.

"Ba na son in mutu jikokin jikokina ba su san wa za su kunna wa turare ba."

"Shi ya sa za ki kai su ƙasar da in ka kunna turare a ɗaki ƙararrawar gobara take ɗauka? Wa ke zuwa share kabarin Kian Seng? Ga ta nan tsaye. Ki tambayi yayarsa rabonta da wurin. In kun tashi kun bar kabarin mijinki a Manila, wa kike tsammani zai cire masa ciyawa, Baturiyar?"

Leɓenta ya yi rawa. Na rantse da Allah na ga ya yi rawa, har na ce ko za ta sauko. Sai ta juya ga jikanta ta ɗaga hannuwa biyu sama, kamar yaron da ke son a ɗauke shi.

"Kai ni gida."

Edison yana tsaye da akwatin sarƙar da zai sa wa Ningning a wuya. Ya dubi kakarsa, ya dubi 'yata. Hawaye yana zuba a kan farar rigarsa.

"A-ma, don Allah..."

"Ko in sauka da kaina in faɗo? Zaɓi."

Ta fara yunƙurin tashi, sandar tana zamewa. Ya ajiye akwatin ya ruga ya tare ta. Ya durƙusa, ta hau bayansa ta saƙale wuyansa.

A bakin matakala Ningning ta kira shi. Ba ta yi ihu ba.

"Edison."

Ya tsaya, bai iya juyowa sosai ba saboda nauyin da ke bayansa.

"Mota kawai zan kai ta, Giok. Yanzu zan hawo. Ki jira ni, don girman Allah ki jira ni."

Baƙi suka bi su ɗaya bayan ɗaya, da kwandunansu. Wani ya dawo ya ɗauki akwatin sarƙar bai dubi kowa ba. A-ko ta shige ɗaki ta banko ƙofa.

Muka rage mu biyu. Ningning ta je ta tsaya a taga, na tsaya a bayanta. Muna kallo ya sa tsohuwar a kujerar baya, ya gyara mata ƙafafu, ya miƙe zai rufe ƙofa. Hannunta ya fito ya kama hannun rigarsa. Ya sunkuya yana magana, yana magana, yana nuna sama wajen tagarmu. Hannun bai saki ba.

Ya shiga. Motar ta tashi.

Ningning ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tsaya har motar ta sha kwana wajen gada, sannan ta juya mini baya.

"Nanay, zuge mini rigar nan. Ta matse ni, ba na iya numfashi."

Na zuge mata. Na lulluɓa mata mayafina muka sauko, ta ƙofar gaba.

Ni ban yi makaranta ba, ban san ofishin da ake kai ƙarar irin wannan ba. Amma yaron nan ya ce mata ta jira, kuma na san 'yata, za ta jira har ta bushe a tsaye. Gobe kafin su ɗaga ƙofar shago za su same ni zaune a bakinta da kujerata. Ba mai sayen ƙusa ɗaya a wurin sai Edison Tiu ya sauko ya bi ni gida, ya dubi idonta, ya faɗa mata da bakinsa ko zai hawo ko ba zai hawo ba.